Lambobin Yabon Soja: Wa Ke Ƙera Su, Wa Zai Iya Sayarwa, Wa Ya Cancanci Ɗaurawa?

A wannan fitowa mun tattara wasiƙun masu karatu da suka zo a kan lambobin yabon soja da alamomin muƙami, irin su anini da igiya da bajon runduna. Kowace ƙasa da irin dokarta a wannan fanni, saboda haka a kowace amsa mun ambaci ƙasar da muke magana a kanta, kuma wanda lamarin ya shafa kai tsaye ya kamata ya nemi sanin dokar inda yake zaune kafin ya ɗaura, ko ya saya, ko ya sayar.

TAMBAYA: Kakana ya yi yaƙin Bama a ƙarƙashin rundunar Birtaniya, kuma bayan rasuwar mahaifina lambobinsa sun dawo hannuna. A cikinsu akwai wani tauraro mai tsini shida, da ƙyalle mai launin shuɗi da ja da ruwan lemo. Ina sha'awar in ɗaura su a ƙirjina ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Shin hakan ya halatta?

AMSA: Allah ya jiƙan kakanka da mahaifinka, Malam. Tauraron da ka siffanta shi ne Burma Star, wanda Birtaniya ta ba waɗanda suka yi aiki a fagen daga na Bama tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945, ciki har da dakarun runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Kafin mu kai ga amsar tambayarka sai mun rarrabe abubuwa uku da mutane kan haɗa su wuri guda: mallakar lambar, ɗaura ta a jiki, da kuma nuna wa jama'a cewa kai aka ba. Mallaka ba ta da wata matsala, domin lamba tana shiga cikin gado kamar sauran kayan mamaci. Nuna cewa kai aka ba kuwa ƙarya ce, ko doka ta hukunta ko ba ta hukunta ba. Lambar yabo kamar takardar shaidar karatu take: ɗa yana iya gadon takardar mahaifinsa ya adana ta, amma ba zai je neman aiki da ita ba. Inda ƙasashe suka sha bamban shi ne batun ɗaurawa.

A Birtaniya da Ostireliya da New Zealand akwai al'adar da ta kafu, cewa wanda aka ba lamba yana ɗaura ta a ƙirjinsa na hagu, magajinsa kuma yana iya ɗaura ta a ƙirjin dama a ranakun tunawa, irin su 11 ga Nuwamba, da kuma 25 ga Afrilu a ƙasashen biyu na ƙarshe. Duk wanda ya san tsarin, da ya hango lamba a dama ya gane cewa mai ɗauke da ita yana girmama wani ne da ya riga mu gidan gaskiya. Dokar tsaro ta Ostireliya ta 1903 ta tanadi ɗaurin wata shida ga wanda ya yi ƙaryar cewa shi aka ba lamba, amma ta ware iyalan mai lambar matuƙar ba su nuna cewa tasu ce ba. Kanada ba ta bi wannan hanya ba: sashe na 419 na kundin laifuffukanta ya haramta wa mutum ɗaura lambar yaƙin da ba shi aka ba ba, kuma bai yi wa 'ya'ya ko jikoki wani sassauci ba.

A ganina tsarin ƙirjin dama ya fi dacewa, domin yana ba iyali damar fitar da tarihin gidansu fili ba tare da an yaudari kowa ba. Idan dokar ƙasarka ta yarda, ka ɗaura su a dama, a ranar tunawa kaɗai, a kan tufafin farar hula, kada ka haɗa su da kaki ko hular soja. Idan ba ta yarda ba, ka saka su a cikin firam tare da hoton kakanka ka riƙe a hannu, babu dokar da za ta hana ka wannan.

Akwai kuma wata shawara da ba ka nema ba. Taurarin Yaƙin Duniya na Biyu da gwamnatin Birtaniya ta raba ba a rubuta sunan kowa a jikinsu ba, saɓanin lambobin Yaƙin Duniya na Ɗaya da aka buga wa suna da lambar soja da sunan runduna. Ma'ana, ba abin da ke haɗa wannan tauraro da kakanka sai takardarsa ta sallama daga aiki da duk wata takarda mai ɗauke da lambarsa ta soja. Ka adana su wuri guda, kada a raba gado a ba wani lambobin a ba wani takardun.

TAMBAYA: Ni maƙerin azurfa ne. Wani ya kawo mini hoton wata lambar yabo ya ce in ƙera masa irinta, wai tasa ta ɓata. Wa doka ta ba izinin ƙera irin waɗannan abubuwa?

AMSA: Ka yi kyau da ka tambaya kafin ka hura wuta, Malam. A ƙa'ida, ƙasar da ta ƙirƙiri lamba ita ke da ikon siffarta, ita ce kuma ke zaɓen wanda zai ƙera. Wanda lambarsa ta ɓata da gaske yana rubuta wa ofishin lambobin yabo na rundunarsa ne, a duba fayil ɗinsa, a ba shi wata ko a nuna masa dillalin da hukuma ta amince da shi. Mutumin da ya tsallake wannan hanya ya nufo maƙera da hoto, akwai dalilin a yi taka-tsantsan da shi.

Amurka ce ta fi tsara wannan lamari dalla-dalla. Tana da wata cibiya ta rundunar sojan ƙasa a sansanin Fort Belvoir da ke jihar Virginia, wadda aikinta shi ne zana tambura da lambobi da bajoji da kuma sa ido a kan ingancinsu. Kamfanin da ke son shiga wannan sana'a sai ya nemi takardar amincewa daga cibiyar, a ba shi cikakken bayanin girma da launi da irin ƙarfen da za a yi amfani da shi, a ba shi aron ƙarafan bugawa na gwamnati, sannan a ba shi alama tasa ta musamman da zai riƙa bugawa a bayan kowane abu da ya ƙera. Idan ka juya bajon sojan Amurka na gaske, sau da yawa za ka ga ɗan ƙaramin harafi da lamba a bayansa, kuma da wannan ne ake gane masana'antar da ya fito. Wanda ya ƙera ko ya sayar ba bisa wannan ƙa'ida ba yana iya shan ɗaurin wata shida. Lambar da ta fi kowace daraja a ƙasar, Medal of Honor, ba a yarda a ƙera ta don kasuwa ba sam, kuma hukuncin cinikinta ya kai shekara ɗaya. A 1996 wani kamfani mai suna Lordship Industries, wanda shi ne gwamnati ta ba kwangilar ƙera ta, ya amsa laifin sayar da guda 300 ta bayan fage a kan dala 75 kowace, aka ci shi tarar dala 80,000. Abin takaicin wannan shari'a shi ne cewa waɗannan lambobi ba jabu ba ne a ƙirarsu, daga ainihin ƙarfen bugawa suka fito, don haka babu mai iya rarrabe su da ido, sai dai a koma ga rajistar waɗanda aka ba.

A Birtaniya, tun da Sarauniya Victoria ta ƙirƙiri Victoria Cross, lambar jarumta mafi daraja a ƙasar, a 1856, gidan maƙeran Hancocks da ke Landan ne kaɗai ke ƙera ta. Zuba ta ake yi daga tagullar tsohuwar igwa, a ƙarasa ta da hannu, a sassaƙa sunan mai ita da rundunarsa a bayan sandar da ke riƙe da ƙyallen, a sassaƙa ranar da ya yi bajintar a tsakiyar bayan lambar. An daɗe ana cewa tagullar daga igwogin Rasha ne da aka ƙwace a birnin Sebastopol lokacin yaƙin Kirimiya, sai dai binciken baya-bayan nan ya nuna cewa wadda ake amfani da ita tun wajen 1914 daga igwogin ƙasar Sin take. Faransa kuma nata salon daban ne: wanda aka zaɓa a ba shi Légion d'honneur, lambar yabo mafi girma a ƙasar, wadda Napoleon ya kafa a 1802, shi ke sayen lambar a gidan buga kuɗi na Paris ko wajen maƙeran da suka ƙware, amma ba shi da ikon ɗaura ta sai an yi bikin maƙala masa. Wanda ya fita bainar jama'a da kaki ko lambar da ba shi da haƙƙinta, dokar Faransa ta tanadar masa ɗaurin shekara ɗaya da tarar Yuro 15,000.

TAMBAYA: Maigidana tsohon soja ne, ya rasu ya bar ni da yara da bashi. Wani mai tara kayan tarihi yana son sayen lambobinsa. Laifi ne in sayar?

AMSA: Allah ya jiƙansa, ya kuma kawo miki mafita, Hajiya. Ta fuskar doka, amsar ta danganta ga ƙasar da ta ba da lambobin da kuma ƙasar da za a yi cinikin. A Birtaniya cinikin lambobi halal ne, har ma ana gwanjonsu a fili, kuma ta wannan hanya ce wani attajiri mai suna Lord Ashcroft ya tara tarin Victoria Cross mafi girma a duniya tun daga sayensa na farko a 1986. Abin da gwamnatin kan yi shi ne ta jinkirta ba da izinin fitar da lamba mai muhimmanci zuwa waje, don a ba gidajen adana kayan tarihi na cikin ƙasa damar saye. A Amurka ana cinikin mafi yawan lambobi bisa ƙa'ida, ban da Medal of Honor. A Rasha kuwa sashe na 324 na kundin laifuffuka ya haramta saye da sayar da lambobin ƙasa, har da na zamanin Tarayyar Sobiyet.

Ta fuskar mutunci, ban ga abin zargi ba ga matar da ta sayar da lambar mijinta don ta ciyar da marayunsa. Idan akwai abin kunya a nan, yana wuyan ƙasar da ta ba mutum lambar bajinta sannan ta bar iyalinsa cikin halin da sai sun rabu da ita. Sai dai ina roƙonki da ki yi abu uku kafin ki miƙa su. Ki fara tuntuɓar ƙungiyar tsofaffin sojoji da ofishin fansho, don sau da yawa akwai haƙƙoƙin da iyali ba su karɓa ba. Ki nemi wani masani na daban ya ƙiyasta darajarsu, domin mai saye ba shi ne zai faɗa miki gaskiyar abin da yake so ya saya da araha ba. Kada kuma ki yarda a ɗauki ɗaya a bar sauran, kada ki goge su da abin da zai cinye rubutun gefensu, kada ki canza tsohon ƙyallen da sabo, domin jerin lambobin mutum ɗaya tare da takardunsa ya fi daraja nesa ba kusa ba a kan guda-guda.

TAMBAYA: Na ji an ce a Amurka mutum yana iya ƙaryar cewa ya samu lambar jarumta kuma kotu ba za ta taɓa shi ba. Yaya gaskiyar wannan magana?

AMSA: Akwai gaskiya a ciki, amma rabinta ce. A Disamba 2006 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a kan dokar da ta mayar da irin wannan ƙarya laifi, ko da mai yin ta bai ci kobo da ita ba. A 2007 wani mutum mai suna Xavier Alvarez, wanda aka zaɓa a hukumar ruwa ta wani yanki a jihar Kalifoniya, ya miƙe a taron hukumar ya ce shi tsohon sojan kundumbala ne da aka ba Medal of Honor, alhali bai taɓa yin aikin soja ba. Aka gurfanar da shi, shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, kuma a ranar 28 ga Yuni 2012 alƙalai shida cikin tara suka yanke cewa dokar ta saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. Hujjarsu ita ce idan aka ba gwamnati ikon ɗaure mutum saboda ƙarya kawai, ba tare da an nuna wanda ƙaryar ta cuta ba, to ba a san inda wannan iko zai tsaya ba. Mai shari'a Anthony Kennedy ya nuna cewa akwai hanya mafi sauƙi, wato a buɗe rajistar waɗanda aka ba lambobin don kowa ya iya tantancewa. Majalisa ta sake rubuta dokar, Shugaba Obama ya sa mata hannu a Yuni 2013, kuma yanzu laifin shi ne mutum ya yi ƙaryar manyan lambobi da niyyar samun kuɗi ko dukiya ko wata moriya ta zahiri, hukuncinsa ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya.

Birtaniya ma ta isa kusan wuri guda ta wata hanya. Dokar sojan ƙasa ta 1955 ta haramta ɗaura lambar da ba ta mutum ba, amma wannan sashe ya faɗi a 2009 lokacin da sabuwar dokar rundunoni ta fara aiki, kuma ƙudurin da wani ɗan majalisa ya kawo a 2016 don maido da shi bai zama doka ba. Abin da ya rage shi ne dokar zamba ta 2006, wadda ke kama wanda ya yi amfani da ƙaryar don neman abin hannun mutane.

Na fahimci tsoron alƙalan, amma ban yarda cewa ƙaryar da ba a ci kuɗi da ita ba ba ta cutar da kowa ba. Sojan gona da ya zauna a sahun gaba ranar fareti, aka sara masa, ya karɓi gaisuwar da ta kamaci wanda ya bar ƙafarsa a fagen daga, ya ɗauki abin da ba nasa ba ko da aljihunsa bai ƙaru ba. Kowane irinsa da aka tona kuma yana sa a fara kallon na gaskiya da shakka, har tsoho mai rauni a jiki ya koma yawo da takarda don a yarda da shi. Duk da haka na fi karkata ga rajista a fili a kan gidan yari, domin maƙaryacin da ya san cewa kowa na iya duba sunansa cikin minti guda ba zai yi garajen buɗe baki ba.

TAMBAYA: Mu 'yan wasan kwaikwayo ne, muna shirya wasa da ke da sojoji a ciki. Muna iya sa kaki da anini?

AMSA: Dokoki da yawa sun yi muku rangwame. Dokar kaki ta Birtaniya ta 1894 ta haramta wa farar hula sa kakin soja ba da izini ba, amma ta ware masu wasa a kan dandamali. Dokar Amurka ma ta ware su, kuma a 1970 Kotun Ƙoli ta soke sharaɗin da ya ce sai wasan bai zubar da mutuncin runduna ba. Rangwamen dai na lokacin wasa ne da wurin wasa. Ku sanar da hukuma a rubuce idan za ku ɗauki hoto a titi, ku cire kakin da zarar an tashi, kuma ya fi muku kwanciyar hankali ku ƙirƙiri bajon rundunar da babu ita a zahiri.

Dalilin da ya sa ake tsananta wa kaki fiye da lamba shi ne lamba girma kawai take jawo wa mutum, kaki kuwa biyayya yake jawo masa. A Oktoba 1906 wani baduku mai suna Wilhelm Voigt ya sayi tsofaffin kayan kyaftin a gwanjo, ya tare wasu sojoji a hanya ya ba su umarni suka bi shi, ya shiga ofishin garin Köpenick kusa da Balin, ya sa aka tsare magajin gari, ya kwashe kuɗin baitulmali ya tafi. An yanke masa shekara huɗu, sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya yi masa afuwa a 1908. A fagen yaƙi ma dokar ƙasa da ƙasa ta shigo cikin batun: ƙa'idojin Hague na 1907 sun hana amfani da kaki da alamomin abokan gaba ta hanyar da ba ta dace ba, yarjejeniyar Jeniba ta uku ta 1949 kuma ta ce ba a ƙwace wa fursunan yaƙi alamomin muƙaminsa da lambobinsa, kuma yana da ikon ɗaura su a sansanin da ake tsare da shi.

TAMBAYA: Idan gwamnati ta ba soja lamba, tana iya karɓe ta daga baya?

AMSA: Tana iyawa, domin wanda ya bayar shi ke da ikon janyewa, sai dai ƙasashe suna ɗari-ɗari da yin haka idan lambar ta jarumta ce. Tsakanin 1861 da 1908 an soke Victoria Cross ta mutum takwas saboda laifuffukan da suka aikata bayan an ba su, irin su sata da gudu daga aiki. A 1920 Sarki George na Biyar ya bayyana ta hannun sakatarensa cewa bai yarda a riƙa ƙwace ta ba, yana mai cewa ko da an yanke wa mai ita hukuncin rataya ya kamata a bar shi ya hau da ita a ƙirjinsa, kuma tun daga lokacin ba a sake soke ta kowa ba. Ina ganin ya yi daidai, saboda lambar shaida ce a kan abin da mutum ya yi a wata rana, kuma laifin da ya biyo baya yana da nasa hukunci.

Wani lokacin kuma gwamnati kan canza siffar lambar ne ta bar wa mai ita haƙƙinsa. Dokar Jamus ta Yamma ta 1957 ta yarda wa tsofaffin sojoji su ɗaura lambobinsu na Yaƙin Duniya na Biyu, amma da sabuwar ƙira da aka cire mata tambarin 'yan Nazi, wanda nuna shi a fili laifi ne a ƙasar. Akwai kuma soke lamba don a ɗaga darajarta: a 1917 wani kwamitin sojan Amurka ya goge sunaye 911 daga jerin masu Medal of Honor, bisa hujjar cewa ba a kan bajinta a fagen fama aka ba su ba. Cikinsu har da likita Mary Walker, mace ɗaya tilo da aka taɓa ba wannan lamba, wadda ta ƙi mayar da tata har ta rasu a 1919, kuma a 1977 hukuma ta sake duba lamarin ta maido da sunanta cikin jerin.